Muryar Baba da Jirgin Yaya

"Sake faɗa, Baba."

"In sake? Ke Auta, ki ji tsoron Allah. Na ce 'don Allah miƙo mini ruwa' har ruwan ya fita daga raina."

"Ba ta ɗauka ba ne. Ka gani, ta sake nuna ja."

Baba ya zare hedifon, abin sa wa kunne mai haɗe da makirufo, daga kansa ya ɗora a cinya, ya harari kwamfutar irin hararar da yake yi wa masu babur a zamanin da yake tuƙa babbar mota. Sai tari ya sarƙe shi. Auta ta miƙa masa kofin ruwan ɗumi ba tare da ya roƙa ba, ta kawar da kai don kada ya ga idonta. Duk haɗiyar da zai yi sai ta ji ta a nata maƙogwaron.

Jibi za a yi masa aiki. Likita bai ɓoye musu komai ba: ciwon ya kama daidai wurin da murya ke fitowa, kuma sai an cire wurin gaba ɗaya. Zai rayu, in Allah ya yarda, zai ci ya sha ya yi yawo, amma muryar nan da 'yan unguwa ke cewa motarsa ba ta buƙatar hon saboda ita, ta tafi ke nan. Wata ma'aikaciyar asibitin, mai koya wa marasa lafiya magana bayan aiki, ita ce ta ba su 'yar hanya. Akwai manhajar da mutum zai karanta mata jimloli masu yawa, ta ajiye muryarsa, bayan aikin in ya rubuta abu a waya sai wayar ta faɗa da muryar tasa. Sharaɗin ɗaya ne: sai an karanta jimlolin duka, kuma kowace sai ta fita tas, ba yankewa.

Sun ci fiye da rabi a kwanakin baya. Amma tun jiya kwamfutar ta fara tafiyar hawainiya. Baba zai buɗe baki ya fara, layin da ke rawa a kan allo ya daskare, kibiyar linzamin kwamfutar ta maƙale, fankar ciki ta hau kuka kamar za ta tashi sama, can sai alamar ja ta fito. Ga muryar kuma ba yawa gare ta ba. Da safe take zuwa da ɗan ƙarfinta, kafin rana ta take ta dushe, ta koma kamar ana jan buhu a kan siminti.

"A bar shi haka mana," in ji Mama daga bakin ƙofar falo, tana riƙe da tsumman goge tebur da ta manta tana riƙe da shi. "Mutum na fama da kansa, ki sa shi gaba yana ta roƙon ruwa a wajen na'ura."

"Mama, in muka bari yau, sai gobe kawai ya rage."

"To mu ari ta maƙwabta."

"Duk abin da ya karanta yana cikin wannan. In muka canja, daga farko za mu fara. Ina muryar da za ta kai?"

Mama ta goge hannun kujerar da ta riga ta goge.

Auta ta ɗauki wayarta ta fita baranda. Rana ta fara hawa, tana haska igiyar shanya da rigunan Baba da aka wanke don tafiya asibiti. Ta kira saurayinta, wanda Baba ya laƙaba wa suna Surukin Gobe, saboda kullum aka tambayi saurayin yaushe zai gama haɗa gidan da zai sa ta, sai ya sosa ƙeya ya ce an kusa. A wani shagon buga takardu yake aiki, kuma bai taɓa barin kiranta ya yi ƙara har ya katse ba.

"Ranki ya daɗe. Yau da sassafe aka tuna da talaka?"

"Bar wasa, kwamfutar ta ƙi."

Nan take muryarsa ta sauya. Abin da ta fi so a wajensa ke nan, yadda yake ajiye wasa kamar an ajiye kofi. Ta kwashe komai ta faɗa masa, har da kukan fankar.

"Abu mai sauƙi, ki kashe ta ki kunna."

"A gidanmu? Gara ka ce in cire rufin ɗaki."

"Au, na manta da jirgin Yaya."

Kowa ya san zancen jirgin Yaya. Babban wansu injiniya ne a jirgin ruwan dakon kaya, yakan yi watanni bai taka ƙasa ba, kuma in sun nutsa tsakiyar teku wayarsa ba ta shiga. Kafin ya tafi wannan karon ya buɗe wa Baba wata taswira a kwamfutar, ta kamfaninsu, mai nuna jirgin a matsayin ɗan ɗigo kore yana rarrafe a kan shuɗin ruwa. Ya ja kunnen kowa: kada a rufe ta, kada a kashe kwamfutar, don in ta rufe sai ta nemi kalmar sirrinsa da wata lamba da ake turawa wayarsa. Tun ranar kwamfutar ba ta runtsa ba. In aka ɗauke wuta, Baba da kansa yake rage hasken allo yana lallashin batir kamar mai jinya.

"To ji nan," in ji Surukin Gobe. "Kwamfuta ba wai tsufa kaɗai ke sa ta nauyi ba. Akwai abubuwan da ke aiki ta bayan fage, ba kya ganinsu, suna shan ƙarfinta. Zan gaya miki maballai uku, ki danna su tare, wata taga za ta buɗe ta nuna miki duk wanda ke ciki da irin cin da yake yi. Ki jera su daga mai haɗama zuwa mai kunya. Wanda kika gane, kika san ba kya buƙatarsa yanzu, ki sallame shi. Wanda ba ki san sunansa ba kuwa, ki bar shi, wasunsu 'yan gida ne, su ke riƙe da ita."

"In na ɓata fa?"

"Ke? Wadda ta gyara ni?"

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba, har da 'yar ƙwalla. Ya ce zai nemi izini ya zo, ta ce ya zauna a wajen aikinsa, in ya zo ma kunyar Baba za ta hana shi taɓa komai.

Da ta koma falo ta ja kujera ta zauna sosai, ta naɗe hannun riga. Ta danna maballan. Tagar ta ɗauki lokaci kafin ta buɗe, amma da ta buɗe sai Auta ta riƙe baki.

"Kai! Ashe kasuwa ce ke ci a ciki."

Baba ya sa gilashinsa ya matso. Mama ma ta matso, tana cewa ita ba ruwanta.

Abu na farko da Auta ta gane shi ne manhajar kallon bidiyo, a buɗe har wuri da yawa. Ga ta hira da fuska, ga wani shafin koyon ɗinkin labule, ga na wa'azi, ga hotunan jikokin 'yar uwar Mama, duk suna nan da ransu tun watannin baya.

"Mama, in kin gama kallo ba kya rufewa?"

"Ina rufewa mana. Ina danna ɗan layin nan su sauka ƙasa."

"Ai wannan ba rufewa ba ne, ɓoyewa ne. Ɗan kuros ɗin da ke kusurwa za ki danna."

"Allah ya kiyaye! Shi na taɓa dannawa muna cikin magana da yayanki ya ɓace ɓat. Tun ranar na yi rantsuwa ni da shi."

Baba ya so yin dariya, dariyar ta tsaya a wuya ta zama tari, amma idonsa ya yi ta. Auta ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sallama. Kowanne ta rufe sai ta ga lambar da ke nuna nauyin da ke kan kwamfutar ta ɗan sauko. Wani daɗi ya fara ratsa ta, irin na mai share ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Sai ta ci karo da masu gadi biyu. Manhajar kashe bairos, wadda Yaya ya sa, da wata daban da ba ta san da ita ba, kowacce ta duƙufa tana bincike.

"Wannan ta biyun fa?"

Mama ta gyara tsayuwa. "Ni na sa mai gyaran waya na bakin titi ya ƙara. Na ga ɗaya ba za ta isa ba, kwamfuta kwana take a kunne."

"Mama, ai juna suke bincika. Wannan na zargin waccan, waccan na zargin wannan."

"Kamar ni da uwarki in an rasa makulli," Baba ya faɗa da raɗa.

"Ka ji shi ko? Mai ciwon ma bai bar ni ba."

Auta ta dakatar da ta biyun. Ta tsayar da wata da ke kwasar hotuna tana turawa intanet ba dare ba rana, da wata da ke ta ƙoƙarin sabunta kanta tana kasawa tana sakewa. Akwai wasu masu sunaye kamar an watsa haruffa a ƙasa an kwashe, hannunta ya yi ta ƙaiƙayi a kansu, amma ta tuna da zancen 'yan gida ta bar su. A hankali kukan fankar ya lafa. Sai a lokacin suka ji ƙarar agogon bango, da muryar mai sayar da gawayi can a ƙarshen layi.

"Bismillah, Baba."

Ya mayar da hedifon, ya gyara makirufon daidai bakinsa, ya karanta abin da ke allo. "Don Allah miƙo mini ruwa."

Kore.

Mama ta saki tsumman ya faɗi. Auta ta ji kamar ta rungume kwamfutar. Jimla ta gaba ta fito, Baba ya karanta, kore. Ta gaba, kore. "Yau akwai zafi." "Rufe ƙofa in ka fita." "Ban ji abin da ka ce ba." Maganganu marasa nauyi, irin waɗanda mutum ke zubarwa kullum ba ya ko waiwayarsu, yau Auta tana tsince su ɗai-ɗai kamar 'yan kunnen zinariya da suka zube a yashi. Har Baba ya fara yi musu salo, ya karanta "ina ne hanyar kasuwa" da muryar baƙon da ya ɓata.

Suna cikin haka layin ya sake daskarewa. Fankar ta ɗauki kuka. Ja.

"Sake, Baba."

Ya sake, ta wuce. Biyu suka wuce, ta ukun ta yanke a tsakiya. Wata ta wuce, wata ta yanke. Auta ta koma tagar da ke tona asirin kwamfutar ta zuba mata ido, ba ta ko ƙiftawa. Ba ta daɗe ba ta gani. Akwai guda ɗaya da ke kwance lamo a tsakiyar jerin, sai can ya yi tsalle ya haye sama da kowa, ya shanye kusan duk ƙarfin, ya jima, sannan ya koma ya kwanta. Duk tsallen da zai yi, muryar Baba ta karye.

Ta karanta sunan. Taswirar jirgin Yaya ce.

Ta sake fita baranda ta kira. Surukin Gobe ya koya mata yadda za ta mayar da taswirar baya a layi, ta sa manhajar muryar a gaba. Ta yi. Ya ɗan taimaka, bai warkar ba. Taswirar in ta tashi sabunta kanta, sai ta jawo duk jiragen da ke tekun, da iska, da igiyar ruwa, da gajimare, ta ɗora wa tsohuwar kwamfutar da ƙwaƙwalwarta ba ta fi cikin cokali ba.

"Gaskiya ɗaya ce," ya ce a hankali da ta sake fita ta gaya masa. "Ba za ta iya ɗaukar su biyu ba. Kin fi ni sanin gidanku."

Da ta dawo, Baba ya riga ya karanta a fuskarta.

"Mene ne?"

"Taswirar ce, Baba. Ita ke yanke ka."

Ya cire gilashin, ya naɗe, ya sa a aljihu. "To shi ke nan. A bar muryar."

"Baba!"

"Na ce a bar ta. Ta yi aikinta. Na yi ihu a tasha, na yi ihu a hanya, na yi muku ihu ku da yayanki har kuka girma. Me ya rage ban faɗa ba?"

"Saura kaɗan fa. Kaɗan ya rage."

"Auta." Ya kira sunan yadda yake kiransa in ba ya son gardama, sai dai yau ƙarshensa ya fashe. Ya dafa wuya, ya jira zafin ya wuce. "Ke yarinya ce. Na yi shekaru a kan hanya, uwarki na nan zaune ba ta san ko ina raye ko na faɗa rami ba. Tambaye ta yadda abin yake. Ni ban sani ba sai da yaron nan ya hau ruwa. Jibi za su kwantar da ni su sa mini abin barci. Ina so kafin in rufe ido in san inda ɗana yake. In na farka kuma, in ba zan iya tambaya ba, a juyo mini allon in gani da idona."

Mama ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa.

Auta ta jawo taswirar ta buɗe ta cika allon. Ga shi nan, ɗan ɗigo kore, shi kaɗai a tsakiyar shuɗi, da siririn layi a bayansa mai nuna inda ya fito. Ta sha ganin Baba da asuba yana shafa gefen allon da babban yatsa, yana motsa leɓe. Ita ma tana son ɗigon. Yayanta ne, wanda ya koya mata keke, wanda ya tsare Surukin Gobe a ƙofar gida ya yi masa tambayoyi kamar ɗan sanda. In ta rufe, sai jirgin ya isa gaɓa za su sake jin ɗuriyarsa, kuma da sauran makonni.

Amma makonni suna ƙarewa. Abin da ya tsaya mata a rai ke nan, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Jirgi zai isa, waya za ta shiga, Yaya zai turo lamba ya yi mata tsiya. Muryar kuwa ba ta da gaɓar da za ta isa. Ta hango gidan nan bayan jibi: Baba zaune a kujerar nan yana buga tebur da cokali in yana son a zo. Ta hango ranar da za ta bar gidan, ana ta hayaniya, shi kuma yana mata nasiha a kan takarda. Ta hango Yaya ya shigo da jakarsa a kafaɗa ya yi sallama, uban da ya yi watanni yana gadin ɗigonsa ya buɗe baki, iska kawai ta fito. 

"Mu gwada ko guda ɗaya," ta ce. "Don Allah."

Ya dube ta, ya ga ba za ta tashi ba, ya mayar da hedifon don ya rabu da ita. Jimlar da ke jira gajeriya ce. Ya ja numfashi. "Sannu da—"

Layin ya daskare. Ja.

Ya sake, muryar ta fito siririya, rabinta iska. Ta wuce rabi, fankar ta taso, ja. Ya buɗe baki zai yi na uku, tari ya turnuƙe shi, ya duƙa yana riƙe da gefen tebur, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. Mama ta ruga ta dafa bayansa tana jera masa sannu. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa ya yi ja, ya ɗaga hannu alamar ya isa.

Auta ta dubi agogo. Rana ta kusa tsakiya. Abin da ya rage na muryar yau bai fi a juye a murfin kwalba ba, gobe kuma ba wanda ya yi mata alkawarin za ta zo da ko hakan. Tun da aka haife ta ba ta taɓa tsallake maganar mutumin nan ba. Ko makarantar da ta yi, shi ya zaɓa. 

Ta juyo da kwamfutar ta fuskance shi sosai, ta ƙara hasken allon.

"Baba, dube shi da kyau. Ga shi nan, lafiyarsa ƙalau, gabas ya nufa, ruwan a kwance yake, ba hadari a gabansa. Ka gani? Mama, zo ki gani ke ma."

Suka duba. Baba ya kai yatsa gefen allon. Sai ya lura da inda ɗaya hannun nata yake, a kan linzami, kibiyar tana tsaye daidai kusurwa.

"Auta," ya ce, da ɗan abin da ya rage masa. "Kada ki soma."

Ta sauko daga kujera ta durƙusa a gabansa, hannunta bai bar linzamin ba. Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ka yafe mini, Baba, zan rufe shi. Yau za mu gama karatun nan, ko Yaya ne a nan abin da zai yi ke nan. In ka tashi daga aikin ka yi fushi da ni yadda ka ga dama, ka yi mini faɗa safe da yamma, na yarda. Amma da muryarka za ka yi shi."